Bolar Jos ba ta rasa masu saye ba, a gida ake lalata ta

A nan Jamus kowane gida na da mazubin shara fiye da ɗaya: shuɗi na takarda da kwali, rawaya na roba da gwangwani, ruwan ƙasa na ɓawo da ragowar abinci, baƙi kuma na abin da ya saura. Tun 2003 gorar ruwa ko gwangwanin lemo na ɗauke da jinginar santi 25 na Yuro, kuɗin da ake mayar maka in ka dawo da shi. Ka shanye ka mayar shago, na'ura ta haɗiye, ta ba ka takardar karɓar kuɗinka. Shi ya sa da wuya ka ga gora a kwata.

Mutanenmu kan ji haka su ce ai mu sai gwamnati ta kawo inji. Ban yarda ba. Aikin da na'urar nan take yi, 'yan gwangwan da 'yan bola sun daɗe suna yin sa a Jos da ƙafa da kura, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo. Masu zoɓo da kunun aya na sayen gora, maƙera na narka alminiyum su zuba tukwane, manoman lambu kuma sun daɗe suna kwasar tokar bola su kai gona. Inda Bajamushe ya fi mu shi ne ba ya haɗa jiƙaƙƙe da busasshe. Mu kuwa ruwan wanke-wanke, ƙanzo, batir da kwali duk bokiti ɗaya.

Kwalin da ya sha manja ya tashi daga aiki, domin mai ba ya rabuwa da zaren takarda idan an jiƙa ta. Busasshe kuwa shi ake mayarwa kiret ɗin ƙwai. A naɗe shi, a ɗaure, a ɗaga daga ƙasa.

Roba ma ba iri ɗaya ba ce. Duba gindin gora, za ka ga lamba cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 gorar ruwa da lemo ce, 2 jarka, 4 ledar fiya wata, 5 yawancin bokitai. Lamba 3, irin ta bututun ruwa, ita ce matsala: kaɗan daga cikinta ya shiga cikin gorunan da za a narka, sai ta ƙone ta ɓata duka. A ɗauraye gora, a taka ta ta baje, a tara a buhu guda. Gwangwani kuwa maganaɗisu ke raba gardama: wanda ya kama ƙarfe ne, wanda ya ƙi alminiyum ne, kuma kilonsa ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takin da muke zubarwa. Garin da ke fitar da kabeji, karas da latas zuwa sassan ƙasar nan bai kamata ganyen da ke ruɓewa a kasuwar Farin Gada ya ƙare a kogin Dilimi ba. Haɗa takin ba wuya: kwano biyu zuwa uku na busasshen ganye ko ɗiɗɗigar katako, kwano ɗaya na ɓawo da ɗanyen ganye, a jera hawa-hawa har tsibin ya kai ƙugu. Damshinsa ya zama kamar na tsumman da aka matse. A juya shi duk mako. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe. In cikinsa ya ƙi ɗumi, ƙishi yake ji ko ɗanye ya yi kaɗan. Nama da mai kada su shiga, ɓeraye suke jawowa. Wata biyu zuwa uku ya nuna, amma da sanyin hunturun Jos yakan ja lokaci, sai a lulluɓe shi da buhu.

Tokar da aka ƙona da batir da leda a ciki kuwa, dalma da sauran guba ba sa ƙonewa, suna nan a ƙasar lambun da latas ke tsirowa. A Jamus shagon da ke sayar da batir dole ne ya karɓi tsohon. Kafin mu kai nan, a ware gwangwani ɗaya mai murfi a riƙa tara su nesa da yara da murhu. Robar maganin feshi kuma a huda ta kafin a fitar, don kada gobe a ɗura kunu a ciki.