Gwajin da ke wucewa a na'ura ɗaya kawai bai tabbatar da komai ba

Har yanzu raina bai kwanta ba game da gyaran fayil ɗin gwajin manhaja da na ƙi amincewa da shi jiya, wanda aka ce na tsananta a kansa saboda 'yan alamomi. Layin farko na fayil ɗin ya ce #!/bin/sh, wato sh, manhajar gudanar da umarni ta asali, ce za ta gudanar da shi, amma abin da ke ƙarƙashinsa duk na bash ne, wata irinta mai ƙarin fasali: ga [[ ]], ga == a cikin test, ga echo -n. Da na yi magana, sai aka ce ai gwajin ya wuce a kwamfutar wanda ya rubuta shi.

Wucewa a kwamfutarsa ba hujja ba ce, domin /bin/sh ba abu ɗaya ba ne a ko'ina: kowane tsarin kwamfuta yana da manhajar da yake sa wa a wannan gurbi. Ubuntu ta mayar da shi dash tun 2006, Debian ta bi sahu a 2011, Alpine kuma ash na BusyBox take amfani da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda kuskuren ke ɓuya. An rubuta cewa idan sakamakon ya saɓa wa abin da ake tsammani, gwajin ya faɗi. To, dash bai san [[ ba, don haka sai ya dawo da lamba 127, alamar ba a sami umarnin ba, shi kuwa if, umarnin duba sharaɗi, ya ɗauke ta a matsayin sharaɗin da bai cika ba, ya tsallake layin faɗuwar gaba ɗaya. Na gudanar da shi da hannuna: manhajar ta ba da amsar da ba daidai ba, gwajin kuma ya ce lafiya lau. Mai gadi ne ya yi barci, ana zaton yana bakin ƙofa.

Masu cewa kowa yana da bash a yau ba su duba da kyau ba. Bash ɗin da ke zuwa da macOS har yanzu tsohon sigar 3.2 ne, kuma sed -i, umarnin gyara fayil, na can yana neman ƙarin bayanin da na GNU, wanda aka saba da shi a Linux, ba ya tilastawa. Idan bash ake so, a rubuta bash a layin farko; idan an rubuta sh, a tsaya kan POSIX, ƙa'idar bai-ɗaya ta sh, a sa = da printf a madadin == da echo -n.

Ni ma na gaji da farautar waɗannan da ido. Masu kula da manhajar Git sun ajiye ɗan rubutu a harshen kwamfuta na Perl da ke kama irinsu a gwaje-gwajensu, kuma yau zan nemi a sa ShellCheck, mai binciken kurakuran irin wannan rubutu, ya riƙa duba gwaje-gwajenmu kafin su iso gabana.