Ranar Da Gwaggo Ta Ji Abin Da Ke Katinta

Da aka sa ranar bikin ƙanwata, sai aka ɗora mini shugabancin kwamiti, wai ni ne ɗan bokon gidan. Kai kuwa ya kumbura. Na ce bana an daina lissafi a bayan kalanda, da Trello za mu yi, manhajar da muke tsara ayyuka da ita a ofis.

Na buɗe allo na jera layuka: kayan ɗaki, gara, abincin wuni, gudummawa. Kowane aiki da katinsa, in an gama a ja shi zuwa layin "an kammala". Mu huɗu ne a ciki, duk sa'anni, shi ya sa bakina ya sake. A katin Kawu na rubuta: "Ya yi alƙawarin shinkafa buhu 2, a sa ran kwano 2." A na Gwaggo kuwa: "Kada a ba ta makullin ɗakin nama, a tuna sunan bara." Har lambar sirrin katin ATM na asusun biki can na adana, wai don kada in manta.

Ana saura mako biyu, Yaya ya kira daga Kaduna, ya ce allon ya ƙi buɗe masa. Shi allon nan hawa uku gare shi: na waɗanda ka gayyata kaɗai, na abokan aiki, sai na duniya baki ɗaya, wanda ko Google na iya tono shi. Maimakon in gayyace shi da imel ɗinsa, aikin da bai kai minti ɗaya ba, sai na mayar da allon na duniya. Tsakani da Allah manhajar ta gargaɗe ni. Na danna na wuce, kamar yadda muke yi wa duk wani dogon turanci.

Yaya ya ga layuka reras, bai buɗe kati ko ɗaya ba, daɗi ya kama shi. Ya tura adireshin cikin zauren dangi na WhatsApp, ya ɗora da cewa: "Ku ga aikin ƙanena, Allah ya yi albarka."

Gwaggo ba ta karatun boko, amma tana da jika ɗan aji uku mai murya kamar ladan.

Kafin in idar da la'asar kira 11 ya shigo. Hannu na rawa na shiga goge katuna, ashe maɓallin da nake dannawa adanawa yake yi, yana tura su rumbu. Ko da na rufe allon, hotunansa sun riga sun zaga dangi har Maraɗi. Na so in ce wani ne ya rubuta, to amma kowane sharhi yana ɗauke da sunan mai shi da lokacin da ya yi. Nawa ƙarfe ɗaya na dare.

Da magariba na je na durƙusa.

"Gwaggo, barka da yamma."

"Ɗan nan, ni ce ɓarauniyar nama?"

Na ce wallahi sharrin na'ura ne, ai ko Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa faɗawa wannan rami a 2018, aka tsinci kalmomin sirrinta a irin waɗannan alluna da aka bari a buɗe. Ta dube ni sama da ƙasa.

"To ita Majalisar, gwaggonta ta zaga?"

Washegari na wuni a layin ATM ina canza lamba. Makullin ɗakin nama kuwa, Hajiyarmu da kanta ta miƙa wa Gwaggo don a zauna lafiya, ta ɗaure shi a bakin zani har aka watse.

Ana gobe ɗaurin aure sai ga yaro daga gidan Kawu da ƙullin leda. Shinkafa ce kwano 2 cif, da 'yar takarda: "Ga abin da aka sa rai."