Tsakanin sha-ka-fashe da shayin rage tumbi: nasiha ga ƴan uwana na Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwana maza da mata na Damagaram, da duk wanda saƙon nan ya iske.

Kaya iri biyu sun cika tiren masu yawon tallan magani da shafukanmu na WhatsApp da Facebook. Ɗaya ƙwayar ƙara ƙiba ce, wadda ake ce wa sha-ka-fashe. Ɗayan kuma shayin rage tumbi. Sau da yawa ma hannu guda ke sayar da su duka biyun. Siririya ta saya ta sha, mai jiki ma ta saya ta sha, kuma babu wadda likita ya aika. Bakin mutane ne ya aike su.

Mu fara da tuna wa jikin nan yake. Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, ya ɗaure wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya hana shi, ya ce masa: "Lallai jikinka yana da haƙƙi a kanka." Yana cikin Bukhari. To idan ba a yarje wa sahabi ya gallaza wa jikinsa saboda sallah da azumi ba, wa ya yarje mana mu illata namu saboda biki, ko saboda anko ya zauna daidai, ko don kada kishiya ta yi dariya? A hadisin da Tirmizi ya rawaito, ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar ƙiyama sai an tambaye shi, cikin abin da za a tambaye shi har da jikinsa: a me ya ƙarar da shi.

Kafin in zo kan mai shan ƙwayar, ina da magana da masu tura ta. Inna, ke da kike duban amaryar ɗanki wata uku bayan biki ki ce "har yanzu ba ki yi jiki ba, ko ba a ba ki abinci ne?" Maigida, kai da kake yi wa matarka gori da matar maƙwabci. Ƙawaye masu kiran ƴar uwarsu karan dawa, ko buhun gero. Ku sani maganar nan ba ta faɗi ƙasa banza. Wata daga wurinku take wucewa ta sayi ƙwayar. Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta yaye tufarsa, sahabbai suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya. Annabi ya ce musu ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Imamu Ahmad ne ya rawaito shi. Suratul Hujurat aya ta 11 kuma ta hana maza su yi wa maza izgili, ta hana mata su yi wa mata, ta hana jifan juna da munanan laƙabi.

Ƴar uwata, ga abin da ke cikin ƙwayar. Yawancinsu ɗayan biyu ne, ko a haɗa su. Akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura irin ta ƙura, wanda ke buɗe ciki ya kuma saukar da barci. Ki ci ki kwanta, ki farka ki ci. Akwai deksametazon, kuma shi ne mai babbar ɓarna. Magani ne na gaske, likitoci na ba da shi a kan asma mai tsanani da wasu cututtukan kumburi, da awo da ƙidayar kwanaki. In aka mai da shi na kullum, sai ya sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya tara kitse a fuska da ƙeya da ciki, ya kuma zaizaye naman cinya da damtse. Shi ya sa za ki ga fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu kuwa sun sirance. Mutane na ce miki kin yi kyau, alhali abin da suke gani kamar salka ce da aka ɗura wa ruwa. A ƙarƙashinsa sukarin jini na hawa, tansiyo na hawa, ƙashi na yin taushi, fata na tsagewa ta yi jan nankarwa, haila na rikicewa, garkuwar jiki na faɗuwa har ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Wallahi abin tausayi ne a ga yarinyar da ba ta kai shekara ashirin da biyar ba tana jinyar ciwon suga da ta saya da kuɗinta.

Shayin rage tumbi kuwa maganarsa gajera ce. Da yawansu ganyen filasko ne ko danginsa, da abin sa fitsari. Gudawa za ki yi, ruwa ya fita, sikeli ya sauka kilo biyu, ki sha ruwa ya dawo. Kitsen yana nan inda yake. Abin da ya tafi shi ne ruwan jiki da gishirin da zuciya ke bugawa da shi, a garin da zafin bazara ke wuce maki 40.

Kada maza su ce wannan zancen mata ne. Namu ya fi ɓoyuwa don mun sa masa suna mai daɗi: tumbi alamar hutu, Alhaji ya samu wuri. Miƙdam ɗan Ma'adi Karib ya ji Annabi yana cewa ɗan Adam bai taɓa cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba. Ƴan lomomin da za su miƙar masa da baya sun ishe shi. In kuwa ba makawa, to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Tirmizi da Ibnu Majah suka rawaito. Kusan kowa ya haddace shi, ana karanta shi duk azumi. Amma a gidan suna ko walima, wa ke tashi daga gaban tire da sauran wuri a cikinsa? Sai an jingina da bango, numfashi na fita da ƙyar, sallar la'asar ta zama nauyi, ruku'u ya gagara cika.

Kuma ba a tire kaɗai muke cika shi ba. Mu duba fada. Ana ɗora shayi tun bayan la'asar, na fari, na biyu, na uku, kowane zagaye da nasa sukarin, wani ma ya zauna fada biyu a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kamar giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a giram 25 ya fi. Lemun kwalba guda mai santilita 33 kaɗai yana ɗauke da kusan giram 35. Ka haɗa shi da shayin fada, da sukarin da aka zuba a fura, da na kunun safe, da alkakin da aka kawo daga gidan biki, ka ƙirga da kanka. Ban ce a rufe fada ba, zumunci ne kuma ina son sa. A rage sukarin rabi. Harshe zai yi ƙorafi na ɗan lokaci, daga baya ya saba.

Gishiri ma haka. Hukumar ta ce ƙasa da giram 5 a yini, ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Ɗanɗanon dunƙule kuwa wajen rabinsa gishiri ne, mu kuma mu jefa huɗu ko biyar a tukunya, mu ƙara gishiri, mu barbaɗa yajin da shi ma da dunƙule aka daka shi. Iyayenmu da daddawa suka yi miya har ta yi suna.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun raina abin da Allah Ya ajiye mana a ƙofar gida. An mai da gero abincin talaka, farar shinkafa da taliya da soye-soye suka zama shaidar an waye. Alhali gero ya fi farar shinkafa ƙarfen ƙarin jini da dusa mai riƙe ciki, ba ya barin yunwa ta dawo da wuri. Wake, wanda Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa noma shi a duniya, yana gina jiki a kuɗin da nama ba zai sayu ba. Zogale, rama, yakuwa, lalo, kuka, kuɓewa, kabewa, tumatir da salak na lambunan Mirriya, duk ga su a Kasuwar Dole. Allah Ya ce a Suratul Baƙara aya ta 168 mu ci daga abin da ke cikin ƙasa halal mai kyau, a Suratul A'araf aya ta 31 kuma Ya ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna. Mai son rage nauyi ba ya buƙatar wani kaya daga Turai ko Dubai. Ya rage malmalar tuwo, ya yawaita ganye, ya rage man da ke yawo a kan miya, ya daina tsire da lemu da sha biyun dare. Rabin kilo zuwa kilo guda a mako shi ne saukar da jiki ke ɗauka lafiya. Duk mai yi maka alkawarin kilo goma a sati biyu, kuɗinka yake so.

Sai tafiya. Banu Salima sun so su taso kusa da masallacin Annabi don nisan gidajensu, ya ce musu su zauna a gidajensu, ana rubuta musu sawunsu. Muslim ya rawaito. Mu kuwa masallacin da ke bayan layi sai mun tayar da babur. Likitoci na neman minti 150 na motsa jiki a mako, minti talatin sau biyar ke nan. Wanda ya taka daga Zango zuwa Birni da ƙafa ya dawo, ya biya na ranar. Mata ma haƙƙinsu ne. Maigida ya bar ta ta taka zuwa islamiyya da ziyarar ƴan uwa, ko su taka tare bayan asuba.

Azumin Litinin da Alhamis sunna ce, kuma jiki na amfana da shi, amma a tsare niyya. Wanda ya yi don sikeli, sikelin ya samu. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, da mai ciki da mai shayarwa, su nemi shawarar likita kafin su ɗauka.

Akwai wani nauyi da ya sa maganar nan ta fi zafi a wurinmu. A jihar nan, a unguwannin nan namu, ana kai yara asibiti da tamowa, musamman daga bazara zuwa kaka lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya za a yi uba ya ci balangu a bakin titi kowane dare, ya shigo gida yana sakace, ɗan yaye kuwa bai ga ƙwai ko wake ko madara ba? Annabi ya ce abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, kamar yadda Muslim ya rawaito daga Jabir. Kason da ka ɗebe daga kwanonka yana da mai shi, ko cikin ɗakinka, ko bayan katangarka, ko almajirin da ke tsaye a zaure.

Wanda ya haura shekara arba'in, ko tumbi ya riga ya fito, ya je a auna masa tansiyo da sukari ko da ba ya jin komai, don cututtukan nan biyu suna daɗewa suna ɓarna shiru. Tansiyon da ke kai 14 bisa 9 a awo fiye da ɗaya, ko sukarin safe kafin karin kumallo da ya kai giram 1,26 a lita, ba na zama a gida da jiƙo ba ne.

Ke kuma ƴar uwata da kika riga kika ɗau makonni ko watanni kina shan ƙwayar ƙiba, don Allah kada ki karanta wannan ki watsar da ita yau ɗin nan. Deksametazon yana sa wasu ƴan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su daina fitar da sinadarin da jiki ke tsayuwa da shi, in aka yanke shi lokaci guda ana iya faɗuwa da amai da jiri da saukar jini, har a rasa rai. Ki ɗauki kwalin ko ragowar ƙwayar ki kai wa likita, ki faɗa masa tun yaushe kika fara da nawa kike sha, shi zai rage miki sannu a hankali. Babu kunya a gaban likita. In tafiyar ta yi miki nauyi, ki nemi yayarki ko innarki ta raka ki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya ba duk marasa lafiyarmu.