Wannan build.sh ɗin sai ya ga bayana

Wai don Allah waye ya rubuta sikirif ɗin nan na build.sh, fayil ɗin umarnin da ke harhaɗa mana manhaja, mutum ne ko aljani?? Tun asuba nake zaune a ɗakina nan unguwar Nima a Accra ko koko ban sha ba, layi ɗaya tak na ce bari in gyara shikenan komai ya wargaje. A Ubuntu, wani nau'in Linux, ya ce bai san alamar [[ ba, ashe sh ɗin can, wato mai karanta umarnin sikirif, dash ne ba bash ba, shi kuwa dash bai san ta ba, na gyara, sai abokina mai Mac ya bugo wai sed -i, umarnin gyara rubutu a cikin fayil, ya ƙi, bash ɗinsa ma 3.2 ne tun zamanin kaka da kakanni. Wani bawan Allah kuma ya buɗe fayil ɗin a Windows ya jera mana ^M, alamar ƙarshen layi irin ta Windows, a kowane layi, me muka yi maka ɗan'uwa? Da ƙyar make, umarnin da ke yin harhaɗawar, ya wuce, sai ga wurin Doxygen, mai fitar da takardun bayanin manhaja, wani guntun layi yana ta kiran python2, tsohon yaren Python da aka binne tun 2020, kabari zan tono maka? Saura ƙiris takardun su fito dumsor ya ɗauke wuta, batir kashi 4, oga kuma yana ta aiko saƙo wai ai ɗan ƙaramin gyara ne ko