Ba-ruwanmu irin na Ingila: abin da ta yi wa Amurka da abin da ta yi mana

A tsakiyar birnin Manchester, inda nake zaune, akwai wani dogon mutum-mutumin Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka. Na fi shekara biyu ina wuce shi ban kula ba, sai ranar da yayyafi ya tsare ni a kusa da shi na karanta rubutun da ke gindinsa. Wasiƙa ce da ya aiko wa ma'aikatan masaƙun garin a Janairun 1863, yana gode musu. Daga nan na shiga bin labarin.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a 1861, jihohin kudu masu bautar da bayi suka ɓalle suka naɗa Jefferson Davis shugaba. A watan Mayu Sarauniya Victoria ta yi shelar cewa Ingila ba ruwanta. Ba ta amince da su a matsayin ƙasa ba, amma ta ba su matsayin masu yaƙi, abin da ya ƙona wa Lincoln rai. Masaƙun Lancashire, yankin da Manchester take a lokacin, da audugar kudu suke rayuwa, 'yan tawayen kuma sun san haka, shi ya sa suka sakankance yunwar auduga za ta kawo musu Ingila har ƙofar gida.

Saura ƙiris hakan ta faru. A Nuwamban 1861 jirgin yaƙin Amurka ya tare jirgin wasiƙun Ingila mai suna Trent, ya sauke jakadun 'yan tawaye biyu, Mason da Slidell. Ingila ta tura sojoji Kanada, sai da Lincoln ya sake su ƙura ta lafa. A 1862 kuma aka ƙera wa 'yan tawayen jirgin yaƙi mai suna Alabama a Birkenhead, tsallaken Liverpool, ya sulale ya fita hukuma na jan ƙafa, ya kama ko ya halaka jiragen kasuwancin arewa sama da 60. Wannan ne ba-ruwanmu? Bayan yaƙi, a 1872, sai da aka yanke wa Ingila biyan diyyar dala miliyan 15.5. Abin da ya hana Palmerston, firaministan Ingila na lokacin, amincewa da kudu shi ne jiran ganin wanda zai yi rinjaye. Rinjayen da arewa ta samu a yaƙin Antietam da shelar 'yanta bayi ta Lincoln suka rufe ƙofar.

Mu kuma a gida, na tashi ina jin mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana cewa lokacin yaƙin Ojukwu Ingila ta nuna mana halacci. Gaskiya ne ba ta yi ba-ruwanmu ba. Bayan shelar Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, gwamnatin Harold Wilson ta ci gaba da sayar wa gwamnatin Janar Gowon makamai har aka gama a Janairun 1970, yayin da Faransa ke taimakon Ojukwu ta bayan fage. Amma ni yanzu ban yarda halacci ba ne. Rijiyoyin man Shell-BP suna yankin da ake faɗa a kai, ga Tarayyar Sobiyat ta fara kawo wa Legas jiragen yaƙi. Ruwa ba ya tsami banza. A Amurka auduga na hannun 'yan tawaye, sai Landan ta bar musu ƙofa a buɗe. A Najeriya lissafinta ya nuna gwamnatin tarayya, sai ta tsaya nan.

Ina cikin masu gode wa Allah da Najeriya ba ta tsage ba. Sai dai hakan ba zai hana ni jin zafin yaran da yunwa ta kashe a gabas ba, kuma bai kamata mu ci gaba da koya wa 'ya'yanmu cewa ƙaunarmu ce ta sa aka ba mu bindigogi ba.

Waɗanda nake girmamawa a labarin nan su ne masaƙan Manchester. Masaƙu a rufe, tukwane a kife, mutane na layin karɓar miyar sadaka, musamman saboda Lincoln ya toshe tashoshin jiragen ruwan kudu, auduga ta yanke. Duk da haka, ranar 31 ga Disamban 1862 suka taru a zauren Free Trade Hall suka rubuta masa cewa suna tare da shi a kan kawar da bauta. Makon jiya na kai ɗana wurin mutum-mutumin, na sa shi ya karanta amsar Lincoln da ƙarfi, ni kuma ina mayar masa da ita Hausa layi-layi.