Kusufin rana: masu dillancin tsoro na neman mayar da mu zamanin Babila

Ranar Asabar 2 ga Agustan 2025 ta zo ta wuce. Rana ta fito daga gabas ta faɗi yamma yadda ta saba, duniya ba ta yi duhu ba, amma har yau ban ji ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka cika mana waya da saƙon nan ya fito ya nemi afuwa ba. Kowa ya san saƙon da nake nufi. Wai duniya baki ɗaya za ta shiga duhu na minti shida, wai ba a taɓa ganin irinsa ba, wai a tura wa 'yan'uwa don su shirya. Ya zagaye WhatsApp da Facebook da TikTok, duk inda ya sauka sai an ƙara masa gishiri. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu tura shi. Da yawansu mutane ne masu takardun shaidar karatu, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, waɗanda idan suka yi magana a gida ake sauraro.

Kusufin da aka gina ƙaryar a kansa yana nan tafe, amma sai ranar Litinin 2 ga Agustan 2027. Inuwar wata za ta bi ta kudancin Sifaniya, ta ratsa Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar, ta tsallaka Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka, ta wuce Yaman da Somaliya. A kusa da Luksor ta Masar ne duhun zai fi daɗewa, minti 6 da daƙiƙa 23. Mu a ƙasar Hausa ɓangaren rana kawai za mu ga ya rufu. Duniya ba za ta taɓa yin duhu gaba ɗaya saboda kusufi ba, domin faɗin inuwar da wata ke jefawa a doron ƙasa ba ya wuce kilomita 270 ko kusa da haka. Damuwata ita ce saƙon bai mutu ba, kwanciya ya yi. Zai tashi a 2027, kuma a wannan karon akwai kusufi na gaske da zai rufe Makka da tsakar rana. Kuna iya hasashen irin fassarar da masu neman mabiya a intanet za su yi masa.

Masu wannan sana'a suna sanya wa tsoron nasu rigar addini, alhali asalinsa ya girmi Musulunci da shekaru aru-aru, kuma daga wurin masu bautar gumaka ya fito. A ƙasar Assuriya, inda Iraƙi take a yau, idan bokayen fada suka ga kusufi sukan ce ajalin sarki ya zo. Sai a ɗauko wani bawan Allah, a sa masa kayan sarauta, a ɗora shi a kan karaga har zuwa kwana ɗari, shi kuwa sarkin gaskiya ya ɓuya ana kiransa da sunan manomi. Idan wa'adin ya cika sai a kashe sarkin bogin, wai masifar ta faɗa kansa, a mayar da mai mulki kujerarsa. An yi wannan a zamanin Sarki Esarhaddon, a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma wasiƙun da aka rubuta a kan allunan yumɓu suna nan suna ba da shaida. A ƙasar Sin kuwa gani suke wata dabba ce a sama ke haɗiye rana, sai a fito da ganguna a yi ta hayaniya don ta saki. Mu ma nan ba mu tsira ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san daren da ake cewa rana ta kama wata, yara su fito da kwanuka da gwangwanaye suna kaɗawa har sai wata ya washe.

Wannan tsoro ya sha cin rayuka. A shekara ta 413 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar birnin Atina na ƙasar Girka ta shirya janyewa daga Sirakus da ke tsibirin Sisili bayan yaƙi ya juya mata baya. A daren tafiyar sai wata ya yi husufi. Kwamandansu Nikiyas ya saurari bokaye, suka ce a dakata kwana 27. Kafin kwanakin su cika abokan gaba sun toshe hanya, aka murƙushe rundunar, shi kansa aka kashe shi. A 1504 kuma Kolumbus, Baturen nan matuƙin jirgin ruwa, ya maƙale a Jamaika, mutanen tsibirin suka daina ba shi abinci. Yana da jadawalin taurari a jirginsa, ya san ranar da wata zai yi husufi, sai ya ce musu Ubangijinsa zai ɗauke musu wata saboda fushi. Da abin ya faru suka dawo da kayan abinci suna roƙo. Wanda ya san lissafi ya ci da gumin wanda bai sani ba, kuma haka abin yake har gobe. Rashin sani ya fi dare duhu.

Su kansu mutanen Babila, maƙwabtan Assuriya, ba a tsoro suka tsaya ba. Tsawon ƙarnuka suna rubuta duk kusufin da suka gani, har suka gano cewa yana maimaita kansa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8. Mai karatu na iya gwada wannan da kansa. Ranar 30 ga Yunin 1973 an yi cikakken kusufi da ya ratsa saharar Nijar, duhunsa ya haura minti 7, ya fi wanda ake tsorata mu da shi tsawo. Ƙara shekara 18 da kwana 11, ka samu 11 ga Yulin 1991, ranar kusufin Meziko. Ka sake ƙarawa, 22 ga Yulin 2009, na Indiya da Sin. Ka sake, 2 ga Agustan 2027. Haka nan wanda muka gani a ƙasar Hausa ranar 29 ga Maris 2006, ɗan'uwansa ne ya sauka a Amurka ranar 8 ga Afrilun 2024. Awa 8 ɗin nan ta ƙarshe ita ce ke sa duniya ta ƙara juyawa sulusi guda, inuwar ta faɗa can yamma. Abin da mutane suka lissafa da tsinke a kan yumɓu tun kafin zuwan Annabi Isa, shi ne yau mai riƙe da wayar zamani yake kira alamar tashin duniya.

Ga Musulmi ma ai an gama magana tun a Madina. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, rana ta yi kusufi. Masana falaki sun lissafa ranar ta dace da 27 ga Janairun shekara ta 632, a shekara ta 10 bayan hijira. Mutane suka ce rana ta yi kusufi ne saboda mutuwar Ibrahim. Ku dubi yanayin: uba ne da ya binne ɗansa ƙarami, jama'a kuma suna ba shi wata ɗaukaka da ba wanda zai yi masa musu a kanta. Amma ya tashi ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan an gan su a yi salla a yi addu'a. A wannan huɗubar aka rushe aƙidar bokayen Assuriya gaba ɗayanta. Duk wanda ya zo yau yana danganta kusufi da mutuwar shugaba, ko faɗuwar gwamnati, ko tsadar abinci, ya sani ba sunna yake rayawa ba, abin da Annabi ya hana yake dawowa da shi.

Na san abin da za a ce, ai a cikin hadisin akwai cewa Allah yana tsorata bayinsa da su. Gaskiya ne, kuma an faɗi inda tsoron zai kai mutum: masallaci, raka'a biyu masu ruku'u bibbiyu da doguwar ƙira'a, sai istigfari da sadaka. Ba a ce a fita neman wanda ya jawo ba. A watan Janairun 2001, da wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka fantsama kan titi suna ƙona otal-otal da mashaya, wai zunubin mutanen ciki ne ya kama wata. Husufin nan an san ranarsa da sa'arsa shekaru da yawa kafin ya zo, kuma an gan shi a Turai da Asiya da sauran Afirka a dare ɗaya. Zunubin wace unguwa ne ya kama shi a can? Masu cewa kuma tunda inuwa ce kawai babu dalilin salla, su ma ba su fahimci komai ba, domin sanin lokacin faɗuwar rana bai taɓa ɗauke wa kowa Magariba ba.

Akwai kuma masu cewa faɗin ranar kusufi kutse ne cikin gaibu. Wannan magana tana ba ni takaici, saboda tana zubar da gadon da malamanmu suka sha wahala a kansa. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 5 ta Suratur Rahman, ya ce rana da wata da lissafi suke tafiya. Ibn Taimiyya, wanda ba a san shi da sassauci ga bokanci ba, ya bayyana cewa kusufi yana da lokuta ƙayyadaddu da ake iya sani ta hanyar hisabi, kuma wannan ba da'awar sanin gaibu ba ce. Masanin falaki Ibn Yunus ya zauna a Alƙahira yana auna kusufin shekarun 977 da 978 da irin ƙwarewar da ta sa masanan Turai suka koma ga ma'auninsa bayan shekara ɗari takwas da ɗoriya. Al-Battani, shi ma masanin falaki da ya rasu a 929, ya nuna cewa girman rana a idon mai kallo yana sauyawa, don haka wata na iya shiga gabanta bai rufe ta duka ba.

Wannan shi ne tushen bambancin ire-iren kusufi, kuma ba shi da wuyar ganewa. Rana ta ninka wata girma kusan sau 400, ta kuma ninka shi nisa kusan sau 400, shi ya sa a sama suke kama da sa'o'in juna, kamar yadda faifai a hannunka zai iya kare maka dutsen Dala idan ka tsaya daga nesa. Amma nisan wata ba ɗaya ba ne kullum, yakan matso zuwa wajen kilomita 356,000, yakan kuma ja da baya zuwa wajen 406,000. Idan ya gifta yana kusa sai ya rufe rana ruf, wannan ne cikakken kusufi. Idan yana nesa sai ya gaza, a ga baƙi a tsakiya da zoben wuta kewaye da shi, irin wanda aka gani a Habasha da Yaman ranar 21 ga Yunin 2020. Wani lokaci kusufi ɗaya yakan fara da zobe ya koma cikakke a kan hanyarsa, kamar na 3 ga Nuwamban 2013 da ya bi ta Gabon da Yuganda da Kenya. Wanda yake gefen hanyar inuwa kuwa ɓangare kawai yake gani. Kowace shekara ana yin kusufin rana aƙalla sau biyu a wani wuri a duniya. Dalilin da ba a yi kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5, galibi sai ya wuce ta sama ko ta ƙasan rana.

Kusufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ya ɓuya. Saboda haka da na 2024 ya faɗo a ƙarshen Ramadan babu wani abin mamaki, kowane wata cikin goma sha biyun yana samun rabonsa. Duk da haka sai da aka yi ta yaɗa cewa alamar bayyanar Mahadi ce, ana jingina da wata ruwaya da malaman hadisi da dama suka raunana. Aka yi Sallah aka watse, masu maganar suka koma wani batun.

Haɗarin gaske da ke tattare da kusufi shi ne wanda babu mai tura saƙo a kansa. Ina Katsina a 2006, ranar da inuwar ta taso daga Gana ta bi ta Saki da Gusau ta rufe mu, ta haura Maraɗi. Da hantsi haske ya fara yin fari-fari, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, sai ga tauraro a sama, masallatai suka ɗauki kabbara. Abin da ban manta ba shi ne yaran da na gani a bakin titi tun kafin duhun ya sauka, wasu sun tara ruwa a roba suna leƙawa, wasu da fasasshen gilashin da aka shafa wa baƙin fitila, wasu ma da ido tsirara. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke kare ido. Hasken rana yana ƙona bayan ƙwayar ido ba tare da mutum ya ji zafi ba, sai daga baya ya lura da wani tabo a tsakiyar ganinsa, wanda wani lokaci ba ya warkewa. Tabarau na yau da kullum ma ba ya aiki, sai wanda aka ƙera musamman, ko kuma a huda takarda a kalli hoton rana a ƙasa.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, bai kamata ta jira sai ana gobe ta fitar da sanarwa da Turanci ba. Ta yi magana da Hausa, a gidajen rediyo, tun da wuri. Limamai su sanar da ranar a huɗuba, su koya wa mutane yadda ake sallar kusufi, su kuma kira ƙaryar da sunanta idan ta sake ɓullowa. Makarantun boko da na Islamiyya su ware wa abin darasi ko da guda ɗaya ne. Bayan na 2027 akwai wanda ya fi shafar mu kai tsaye: ranar 20 ga Maris 2034 cikakken kusufi zai shigo ta Legas, ya ratsa tsakiyar Najeriya, ya wuce Kamaru da Chadi da Sudan. Yaran da ke firamare yau su ne samarin da za su cika tituna a ranar, kuma har yanzu ba a fara koya musu komai a kai ba.