Katin Guzuri: Da Wane Dalili Ake Cin Tarar Kuɗin Da Ke Kwance?

Duk wanda ya taɓa fita ƙasar waje ya san ba a yin guzuri daidai-wa-daida. Ka lissafa kuɗin masauki da na mota da na cefane, sannan ka ƙara wani abu a kai saboda halin rana, domin babu mai son kuɗi su yanke masa a garin da bai san kowa ba. Shi ya sa idan aka dawo gida kusan kullum akwai ragowa. A da, ragowar nan a ambulan ake sa ta, a jefa a akwati tare da fasfo, bayan shekara uku ka buɗe ka same ta yadda ka bar ta. Yanzu matafiya da yawa katin guzuri suke riƙewa, wato katin da ake zuba wa dala ko yuro ko fam tun kafin a tashi, a riƙa sayayya da shi ko cirar kuɗi a ATM idan an isa. Shi wannan kati, idan ka ajiye shi, ba lalle ne ka same shi yadda ka bar shi ba.

Abin da ke cin kuɗin shi ne cajin rashin motsi. A sharuɗɗan katuna da dama an rubuta cewa idan aka ɗauki wani lokaci, galibi wata 12, ba a zuba kuɗi ba, ba a cira ba, ba a yi sayayya ba, kamfani zai fara zare wani abu kowane wata. Yawanci ba ya wuce dala biyu ko uku, ko kwatankwacinsu. Wasu kuma sai katin ya ƙare wa'adinsa suke fara zarewa. Ba sa tsayawa sai ko dai mai kati ya farga, ko kuma abin da ke ciki ya koma sifili.

Ni kaina abin ya taɓa shafa ta. Na dawo daga wata tafiya da 'yar ragowa a kati, na ce ai za ta yi mini amfani a tafiya ta gaba. Tafiyar ba ta zo da wuri ba. Ranar da na duba, na tarar da jerin cire-cire iri ɗaya, wata bayan wata, kuma babu saƙo ko ɗaya da aka taɓa turo mini don a ankarar da ni. Kuɗin ba su kai a yi kuka a kansu ba, amma sun sa na zauna na karanta sharuɗɗan da ban karanta ba tun farko, na kuma tambayi kaina: wane aiki aka yi mini da na biya wannan lada?

Har yau ban samu amsar da ta gamsar da ni ba, kuma babban dalilina mai sauƙi ne. Katin tafiya don tafiya aka yi shi. Yawancin mutane ba sa fita ƙasar waje kowane wata. Wani sau ɗaya a shekara, wani sai shekara biyu ko uku. Ke nan kwanciyar katin a aljihun jaka ita ce al'adarsa, kamar yadda akwatin tafiya yake kwana a saman kabad har ranar da za a buƙace shi. Kamfanin da ya ƙera katin ya fi kowa sanin haka. Idan ya sa tara a kan ajiyewa, to ya sa tara ne a kan halin da ya tabbata mafi yawan masu sayen katin za su shiga. Ana cin tarar mutum ne idan ya saɓa ƙa'ida. A nan kuwa mutum bai yi komai ba illa amfani da kaya yadda aka yi su.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa riƙe asusu a buɗe yana da tsada ko da ba ya motsi: akwai kuɗin manhaja da na tsaro, akwai ma'aikatan da ke amsa waya, akwai abin da suke biyan Visa ko Mastercard, akwai binciken da hukumomi ke wajabta musu. Suna ƙarawa da cewa ribar da suke samu daga sayayya ta ragu. A Tarayyar Turai, tun dokar 2015, kason da mai fitar da irin wannan kati yake samu daga kowace sayayya an taƙaita shi zuwa kashi 0.2 cikin ɗari. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai rabin labarin ne.

Ɗaya rabin shi ne kamfani ya riga ya ci ribarsa tun a ƙofar shiga. Ranar da ka zuba kuɗi aka canza maka su, farashin canjin da aka ba ka ba shi ne na tsakiyar kasuwa ba, akwai tazarar da ta shiga aljihun kamfani. Wasu suna karɓar kuɗin sayen katin, wasu kuɗin lodawa, wasu kuɗin kowace cira a ATM. Bayan wannan kuma, kuɗin da ka bari a ciki ba a rami aka binne su ba. Doka a Turai da Birtaniya ta wajabta wa kamfanonin kuɗin lantarki, wato kuɗin da ake ajiyewa a kati ko manhaja, su kiyaye dukiyar abokan hulɗarsu, kuma hanyar da aka fi bi ita ce a ware ta a wani asusu na musamman a banki ko a zuba ta a kadarori marasa haɗari. Irin wannan ajiya tana iya haihuwa, kuma abin da ta haifa ba ya zuwa hannunka. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 kan kuɗin lantarki ma ƙarara ta hana a bai wa mai kati wata riba saboda daɗewar kuɗinsa a ciki. A duba yadda ma'aunin ya karkata: idan kuɗinka sun daɗe, an hana ka cin moriyar daɗewar, amma an bar wa kamfani damar ya ci moriyarta, sannan ya dawo ya caje ka a kanta.

Tarihin wannan sana'a da kansa ya nuna cewa kuɗin da ke kwance ba nauyi ba ne ga mai riƙe da su. A 1891 American Express ya fito da cakin matafiya, takardar da mutum ke saya kafin tafiya ya riƙa canzawa a hanya. Cakin nan ba shi da ranar mutuwa, ba a kuma zare masa komai don ya kwana a akwati. Kamfanin bai yi haka don tausayi ba. Ya gane cewa tsakanin ranar da aka sayi caki da ranar da aka kashe shi, kuɗin suna hannunsa yana juya su, kuma duk daɗewarsu alheri ne gare shi. Idan a zamanin takarda da hatimi da ma'aikatan da ke tantance sa hannu ɗaya bayan ɗaya an iya riƙe ajiyar matafiyi ba tare da gutsurarta ba, da wuya a gamsar da ni cewa a zamanin kwamfuta layi ɗaya a rumbun bayanai yana cin dala uku duk wata.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda cajin yake faɗa wa. Tunda adadi ɗaya ake zarewa ga kowa, mai ƙaramar ragowa ne yake shan wuya. A ɗauka ana zare dala 3 a wata. Mai dala 2,000 a kati an taɓa masa kashi 0.15 cikin ɗari, kuma shi da ma ba ya mantawa da irin wannan kuɗi, zai je ya kwashe abinsa. Mai dala 40 kuwa kashi 7.5 cikin ɗari aka yanke masa a watan farko kaɗai, kuma cikin wata 14 babu sauran ko sisi. Su wa ke barin dala 40 a kati? Ɗalibin da ya dawo daga karatu, da dattijon da 'ya'yansa suka yankar masa katin shi kuma bai saba da manhajar waya ba, da majinyacin da ya je neman magani ya dawo hankalinsa na kan jikinsa, da iyalan mamacin da ba su ma san akwai katin ba. Da yayyafi kogi kan cika: abin da kowane ɗayansu ya rasa kaɗan ne, amma idan aka tara na dubban katuna ya zama kuɗin shiga na gaske, kuma daga mantuwar mutane aka same shi.

Wani zai ce to me ya hana mutum ya kwashe ragowarsa da zarar ya dawo? Wanda ya gwada ya san amsar. ATM ba ya ba da sulalla, takarda yake bayarwa, saboda haka akwai 'yan canjin da ba za su taɓa fita ta nan ba, ga kuɗin cira da ake ɗora wa kowace fita. Idan ka nemi a rufe katin a mayar maka, wasu kamfanonin suna da cajin rufewa, sannan a sake canza kuɗin zuwa na ƙasarka a farashin da ya fi wanda ka saya muni. Sau da yawa idan aka haɗa lissafin, kuɗin fitar da ragowar ya kusa kai ragowar kanta. Gaba kura, baya sayaki. Mutum ya ga bari ya fi sauƙi, ya bari, kuma barin nan shi ne ainihin abin da cajin yake jira.

Shekarar 2020 ta fallasa raunin wannan tsari. Annobar korona ta rufe iyakoki, jirage suka tsaya. Ostireliya, alal misali, ta rufe ƙofarta a Maris 2020, ba ta sake buɗe wa masu yawon buɗe ido gaba ɗaya ba sai Fabrairun 2022. Wanda ya loda kati don tafiyar da aka soke bai yi sakaci ba, gwamnatoci ne suka hana shi motsi. Amma sharaɗin da aka rubuta bai san uzuri ba, watanni kawai yake ƙirgawa.

Sai kuma hujjar da aka fi jefa wa mai ƙorafi: ai ka sa hannu, yana cikin sharuɗɗa. Haka ne, yana ciki. Amma yarda ta gaskiya tana buƙatar a ga abin da aka yarda da shi. Tallar katin farashin canji take ɗagawa da manyan haruffa, cajin rashin motsi kuwa yana can ƙasan jadawali, kuma ba zai ciji mutum ba sai bayan shekara, lokacin da takardar ta daɗe da ɓacewa. Masu yin doka a wasu ƙasashe sun gane wannan. A Amurka, dokar katuna ta 2009 ta hana cajin rashin motsi a kan katin kyauta, wato katin da ake zuba wa kuɗi a ba wani kyauta ya yi sayayya da shi, sai ya shekara bai motsa ba, ta ce ba a caji fiye da sau ɗaya a wata, ta kuma ce kuɗin ciki ba za su mutu ba kafin shekara biyar. Daga Afrilun 2019 kuma aka wajabta wa masu sayar da katunan da ake lodawa su nuna wannan caji a gajeren jadawalin da mai saye zai gani kafin ya biya. Ostireliya ma ta kafa ƙa'ida a kan katin kyauta: daga Nuwamban 2019 wa'adinsa ba zai gaza shekara uku ba, kuma an hana yawancin cajin da ake ɗorawa bayan an saya. Matsalar ita ce katin da ake sake lodawa don amfanin yau da kullum, wanda katin tafiya yake cikin jinsinsa, galibi ba ya shiga ƙarƙashin wannan kariya ta katin kyauta. Ban ga hikimar a kare kuɗin da aka ba mutum kyauta, a bar kuɗin guminsa da ya tanada don tafiya a fili ba.

Akwai kuma misalin da ya fi dacewa a kwaikwaya. A Birtaniya, dokar 2008 ta ce asusun banki da ya shekara 15 babu motsi ana iya mayar da kuɗinsa wani asusu na musamman a yi ayyukan al'umma da su, amma duk ranar da mai su ko magajinsa ya bayyana, za a biya shi cif. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ita ce mantuwa ba ta sauya mamallaki. Wannan ƙa'ida ya kamata ta bi kuɗi duk inda suke, a banki ne ko a kati.

Abin da nake ganin ya dace ba ya buƙatar wata sabuwar fasaha. Idan kati ya daɗe bai motsa ba kuma kamfani na tsoron 'yan damfara, ya daskarar da shi, kuɗin su tsaya yadda suke har mai su ya zo. Idan ba ya son riƙe ƙananan asusu, ya mayar da ragowar zuwa asusun da aka loda katin daga gare shi, tunda ya san shi, ba tare da cajin rufewa ba. Idan kuwa hukumomi sun ga ba za su haramta cajin gaba ɗaya ba, to aƙalla su wajabta gargaɗi a rubuce wata guda kafin a zare ko da sisi, su kuma ɗora masa iyaka ta yadda ba zai taɓa cinye ajiyar duka ba. Kamfanin da yake iya turo maka saƙon talla sau uku a mako yana da lambarka, kuma zai iya gaya maka cewa zai fara taɓa kuɗinka.

Kafin a kai ga haka, duk mai tsohon kati a jaka ya ciro shi yau ya duba abin da ya rage da ranar da wa'adinsa zai cika. A katuna da yawa sayayya ɗaya, komai ƙanƙantarta, tana mayar da ƙirgen watannin farko. Wanda kuma ya tarar an riga an fara zarewa, ya rubuta wa kamfanin ya nemi a mayar masa, ya tambaye su ranar da suka gargaɗe shi, idan suka ƙi ya kai ƙara hukumar da ke sauraron koken masu hulɗa da bankuna a ƙasar da aka fitar da katin.